Shin Bulus Ya La'anci Yahudawa a Wasiƙar Galatiyawa?

Tambaya: Malam, ina koyar da matasa a makarantar Lahadi. Wani baƙon mai wa'azi ya karanta mana Galatiyawa 3:10, inda aka ce masu dogara ga ayyukan Shari'a suna ƙarƙashin la'ana, ya ce Bulus ya bar addinin Yahudawa, ya kuma la'ance su. Yaran sun hau kan maganar sun zauna, har wani ya ce Bayahude ba shi da rabo a wurin Allah. Hankalina ya tashi. Haka zan koya musu?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki kuskura. Na ji wannan wa'azi har kunnena ya gaji, kuma kusan kullum daga bakin wanda ya tsinko aya ɗaya ya ruga da ita kan bagade ba tare da ya karanta wasiƙar ba.

Galatiyawa ai ba Yahudawa ba ne, al'ummai ne da suka baro bautar gumaka. Wasu malamai suka biyo sawun Bulus suna cewa sai sun yi kaciya bisa Shari'ar Musa. Abin da ya fusata shi ke nan. Faɗan cikin gida ne: Bulus, Bitrus, Yakubu da Barnaba duk Yahudawa ne. Duba sura 2. A Antakiya Bitrus na cin abinci tare da al'ummai, da mutanen Yakubu suka iso sai ya janye hannu daga akushi, Bulus ya tsawata masa a bainar jama'a. La'anar 3:10 ma daga Attaura ya ɗauko ta, Maimaitawar Shari'a 27:26, yana kafa hujja irin ta Bafarisiyen da ya ƙoshi da karatu.

Wane addini Bulus ya koma? Kalmar "Kirista" ba ta fito ko sau ɗaya a wasiƙunsa ba. Lokacin da yake rubutu Haikali na tsaye a Urushalima, sai a shekara ta 70 Romawa suka rushe shi, bayan mutuwarsa. A Romawa 11:1 ya tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa, ya ce ko kusa, shi ma Ba'isra'ile ne daga kabilar Biliyaminu.

Kuma abin ba wasa ba ne. A 1543 Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya rubuta a ƙona majami'un Yahudawa, 'yan Nazi kuma suka tono rubutun suka yi farfaganda da shi.

Lahadi mai zuwa ki buɗe musu Romawa 9 zuwa 11. Shi yaron nan ki ba shi 11:18 ya karanta da ƙarfi, inda aka ce wa reshen zaitun da aka ɗaura a itacen Isra'ila, wato al'ummai masu bi, ya daina fariya, don saiwa ce ke ɗauke da shi.