Filin Saƙa: Mayafin Wuya Mai Fuska Biyu da Kwarashi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo sun taru ne a kan saƙar nan ta raga biyu, wadda masu saƙa suke kira intalokin, musamman yadda ake yin mayafin wuya da ita. Mun zaɓi guda huɗu, mun taƙaita su yadda fili zai ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na daɗe ina saƙar kwarashi, kuma na iya sarƙa da ginshiƙi da raga daidai gwargwado. Kwanan baya na ga wani mayafin wuya mai launi biyu, fari da shuɗi, da aka juya shi sai na ga ɗaya fuskar ma tana da nata ado, babu zare ko ɗaya da yake reto a bayansa. Mai shi ta tabbatar mini cewa ba mayafi biyu aka haɗa aka ɗinke ba. Don Allah yaya ake yin wannan saƙa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya ta faɗa miki, babu ɗinki a ciki, kuma tunda kin iya raga, kin riga kin ci rabin aikin. Abin da kika gani raga biyu ne, kowace da launinta, ana saƙa su tare layi bayan layi, suna ratsa juna ta cikin tagoginsu, wato ramukan ragar. Ƙa'idar da duk aikin ya rataya a kanta guda ɗaya ce: farin zare ba ya shiga ko'ina sai cikin fari, shuɗi kuma ba ya shiga ko'ina sai cikin shuɗi. Kwarashi ba ya taɓa huda ɗayan launin, kuma ba ya naɗe shi. Iyakarsa ya bi ta gabansa ko ta bayansa.

Saƙar da za ki yi ta maimaitawa ita ce ginshiƙi ɗaya da sarƙa ɗaya. Ginshiƙin da nake nufi shi ne wanda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, a soka, a jawo madauki, sannan a fitar da biyu-biyu har sau biyu. Na fayyace shi ne saboda umarnin saƙa da aka rubuta a Amurka yana kiransa dabul kuroshe, na Ingila kuma yana kiransa tirebul, alhali a Ingila dabul kuroshe sunan gajeriyar saƙa ce wadda ba a naɗa mata zare. Wadda ta rikita sunayen biyu za ta sami tagogin da ba su da tsayin da ɗaya ragar za ta leƙo ta cikinsu.

Ga yadda ake kafa tushe. A ce kina son taga 14 a faɗin mayafin. Da farin zare, wanda shi ne zai zama na gefe, ki yi sarƙa 32, wato ninkin yawan tagogi a ƙara huɗu. Ki yi ginshiƙi a sarƙa ta shida daga kwarashi, sannan ki ci gaba da sarƙa ɗaya, tsallake ɗaya, ginshiƙi, har ƙarshe. Ki ja madaukin ƙarshe ya yi tsawo, ki maƙala masa fil mai kulle don kada ya warware, ki ajiye. Da shuɗi kuma ki yi sarƙa 30, ki bi hanyar nan ɗaya, za ki sami taga 13. Dole ne ragar ciki ta gaza ta waje da taga ɗaya, domin ita fara tana da ginshiƙi 15 da taga 14, ita kuwa shuɗiya tana da ginshiƙi 14, kowanne zai zauna a tsakiyar tagar fara guda.

Sai ki juya su, ki shimfiɗa fara a kan tebur, ki ɗora shuɗiya a kanta, madaukan biyu suna gefen dama, shuɗiyar ta ɗan haura sama da fara da rabin taga. Mai saƙa da hannun hagu za ta ajiye madaukan a hagu. Ina ba da shawarar a kama ragogin biyu da fil a wuri uku, domin a wannan mataki babu abin da ya riƙe su, zamewa suke ta yi kamar an shafa musu mai.

Daga nan kowane layi sau biyu ake bin sa. Ki fara da fari: sarƙa huɗu, uku a madadin ginshiƙi, ɗaya ta taga, sannan ki yi ginshiƙi a kan kowane farin ginshiƙi na ƙasa. Idan kika duba da kyau za ki ga kan farin ginshiƙin yana leƙowa ta tsakiyar shuɗiyar taga, kuma sarƙar shuɗi tana gitte a samansa. Nan ne zaɓi yake. Idan ta gaba za ki bi, sai ki danne shuɗiyar sarƙar baya da ɗan yatsa, ki soka kwarashi ta fuskar da ke kallonki. Idan ta baya ne, sai ki kwanto shuɗiyar sarƙar wajenki, ki soka ta bayanta. Idan kin kai ƙarshe kada ki juya aikin. Ki sa wa farin madauki fil, ki koma farkon layi, ki ɗauki shuɗi, ki bi shi da irin wannan tsari a kan shuɗayen ginshiƙai. Sai zarurrukan biyu sun haɗu a gefe guda sannan ake juyawa. Ba a yanke zare ko sau ɗaya sai an gama ko ƙwallon zare ya ƙare, shi ya sa ba ki ga komai yana reto ba.

Don gwajin farko ki yi wannan: a layin da fuska ta farko take kallonki, ki bi da fari duka ta gaba, shuɗi ma duka ta gaba, bayan kin juya, ki bi da su duka ta baya, ki yi ta musanya haka. Bayan layi biyar ko shida za ki ga ratsi a tsaye a fuska ɗaya, ratsi a kwance a ɗaya fuskar. Layi uku na farko ba su da daɗin riƙewa, kuma kamanninsu ba ya ƙarfafa gwiwa, amma kada ki warware su da wuri, adon ba ya bayyana sai aikin ya ɗan yi tsayi.

Tambaya: Anti, na fara mayafin, amma abubuwa biyu sun hana ni sakat. Na farko, wani lokaci idan na gama layin fari na dawo ɗaukar shuɗi, sai in tarar zarensa ya maƙale a gefen da ba nan ake son sa ba. Na biyu, adon yana tafiya daidai, sai kawai in ga ya karye a tsakiya, launin da ya kamata ya fito ya ɓace.

Amsa: Ƙanwata, matsalar farko kusan kowa ya taɓa faɗa mata. Sarƙa ukun da shuɗi yake farawa da su su ma ginshiƙi ne, kuma dole su ma su bi ta gaban farar sarƙa ko ta bayanta. Sai dai su ba a zaɓa musu hanya a lokacin da ake saƙa su. Tun kafin ki fara layin fari ake yanke wannan hukunci, ta hanyar ajiye shuɗin madauki da zarensa a gaban aikin ko a bayansa. Da zarar farin ginshiƙi na farko ya rufe tagar, shi ke nan, ƙofa ta kulle. Shi ya sa umarnin saƙa mai kyau yake buɗe kowane layi da faɗin inda za a ajiye launi na biyu. Ni kaina a mayafina na farko na yi wannan mantuwa har sau huɗu a zama ɗaya, kuma da na gaji da warwara sai na yi ƙoƙarin tura ƙwallon zare sukutum ta cikin taga, tagar ta buɗe ta zauna a haka har yau. Warware layi ɗaya ya fi sauƙi. Abin da na saba yi yanzu shi ne, da zarar na juya aiki, hannuna shuɗin madauki yake fara taɓawa kafin ya ɗauki kwarashi.

Matsala ta biyu tana da tushe biyu, sai ki duba wanne ne naki. Ko dai kin manta cewa gaba da baya a wannan saƙa ana auna su ne da fuskar da take kallonki a lokacin, saboda haka ginshiƙin da kike so ya ci gaba da fitowa a fuska guda, idan kin bi da shi ta gaba a wannan layi, ta baya zai bi a layi mai zuwa. Ko kuma kwarashinki ya naɗe sarƙar ɗaya launin a cikin ginshiƙi ba ki lura ba. Gane na biyun ba wuya. Ki sa yatsa ki ɗaga sarƙar da kike zargi: idan ta motsa gaba da baya a sake, lafiya lau take, idan kuwa ta ƙi motsi, an ɗaure ta. Yana da kyau a ɗaura ɗan guntun zare mai wani launi dabam a fuska ta farko, don kada juyi ya ruɗa ki. Ki kuma riƙa ƙirga tagogi a ƙarshen kowane layi, 14 da 13, domin ginshiƙin ƙarshe da ake yi a ta uku cikin sarƙoƙin da aka fara layin ƙasa da su shi ne aka fi tsallakewa, kuma da an tsallake shi gefen mayafi yake fara karkacewa.

Tambaya: Malama, ni namiji ne, na koyi saƙa da girmana. Ina so in saƙa wa mahaifiyata mayafi da sunanta a jiki. Na ɗauka idan fuska ɗaya ta fito da farin rubutu a kan shuɗi, ɗayar za ta fito da shuɗin rubutu a kan fari, amma da na gwada harafi ɗaya sai bayan ya fito da wani abu dabam. Kuskure na yi?

Amsa: Malam, ba ka yi kuskure ba, halin saƙar ke nan, kuma ya kamata a san shi kafin a sayi zare. A duk mahaɗar da farin ginshiƙi ya bi ta gaba, mai kallon fuska ta farko yana ganin fari a tsaye, mai kallon ta biyu kuwa yana ganin shuɗiyar sarƙar da ginshiƙin ya gitta, wato shuɗi a kwance. Saboda haka ba launi kaɗai yake sauyawa ba, har da alƙiblar layin: abin da yake tsaye a nan, kwance yake a can. Ban da haka, akwai ɗigogin da ba sa sauyawa ko kaɗan, domin kan kowane ginshiƙi yana zaune a tsakiyar tagar ɗaya launin, ana ganin sa ta fuskoki biyu. Wannan ne ya sa ko a filin da ake so ya zama fari zalla ba a rasa ƙananan ɗigogin shuɗi.

Musayar launi tsantsa irin wadda ka yi zato ana samun ta ne a saƙar kibiya mai ruɓi biyu, kuma ko a can rubutu a juye yake fitowa ta baya, kamar an duba shi a madubi. A ra'ayina, mayafin wuya abu ne da yake naɗewa yana juyawa a jiki, ba a iya tsare masa fuska ɗaya, don haka adon da ya fi dacewa da shi shi ne wanda bayansa ma abin kallo ne: ratsi, matakala, zigizag, ƙananan murabba'i. Idan sunan ya zama dole, ka sa harafin farko kawai a bakin mayafin, ka bar sauran tsawon ga ado.

Abu ɗaya kuma za ka kiyaye. Idan ka yi fili mai faɗi inda fari yake fuska ɗaya gaba ɗaya, shuɗi yake ɗaya fuskar, ragogin biyu ba su ratsa juna ba a wurin, za ka iya ɗaga su ka raba kamar aljihu. A ƙaramin wuri ba laifi, amma idan ya yi faɗi, mayafin yakan yi jaka bayan wanki.

Tambaya: Hajiya, wane irin zare ya dace, nawa zan tanada, kuma yaya ake rufe bakin mayafin? Wanda na fara ya yi tauri kamar tabarma.

Amsa: 'Yata, taurin daga kwarashi ne da kaurin zare. Ruɓi biyu kike saƙawa, don haka zaren da yake da laushi a saƙa ɗaya yana iya yin nauyi a nan. Ki zaɓi zare siriri ko matsakaici, mai santsi wanda ba shi da gashi-gashi, kuma launukan biyu su zama kauri ɗaya, zai fi kyau ma a ce iri ɗaya ne daga kamfani ɗaya. Idan takardar jikin zaren ta ce kwarashi mai milimita 4, ki gwada 4.5 ko 5. Ulu da akirilik sun fi auduga sauƙin naɗewa a wuya, ita auduga tana fito da ado sarai amma tana da nauyi. Launukan su yi nisa da juna a haske da duhu, domin launi biyu masu duhu ɗaya, ko da sunansu dabam, adonsu yana nutsewa daga nesa kaɗan.

Game da yawan zare, ma'auni ya fi kintace. Ki auna nauyin kowane ƙwallo, ki saƙa santimita 10 na mayafin, ki sake aunawa. Idan misali kowane launi ya ragu da giram 12, kuma kina son tsawon santimita 160, sai ki ninka sau 16, ya ba ki giram 192 na kowanne. Ki ƙara wa launin gefe kaɗan, domin ya fi ɗayan taga ɗaya a kowane layi, kuma shi zai yi rufin baki. Mayafin babban mutum yakan kai tsawon santimita 150 zuwa 180, faɗinsa kuma 15 zuwa 20.

Wajen rufewa, launin gefe ne yake yin layin ƙarshe shi kaɗai, yadda zai kewaye na ciki ta sama kamar yadda ya kewaye shi ta ƙasa. Za ki lura cewa a bakin farko da na ƙarshe ragar ciki tana ɗan ɗagawa, saboda babu abin da ya kama ta. Sai ki zagaye mayafin da gajeriyar saƙa layi ɗaya, kina haɗa ragogin biyu a bakunan nan, kina yin uku a kowace kusurwa don kada ta tattare. Wannan ne kaɗai wurin da aka yarda launi ɗaya ya shiga cikin ɗaya. Jelar zaren da ta rage kuma ki sa ta a allura, ki ɓoye kowace a cikin ginshiƙan launinta, fari a fari, shuɗi a shuɗi, tunda wannan mayafi ba shi da bayan da za a ɓoye komai a cikinsa.