Amsa: me ya sa ɓargo ya daina yin jini?

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce likita a nan Maraɗi ya faɗa muku cutarsa aplastik anemiya ce, wato ɓargonsa ya daina yin isasshen jini, kina tambayar dalilin da magungunan ƙarin jini ba su yi masa komi ba.

Jini a cikin ɓargo ake yin sa. Akwai uwayen ƙwayoyi da ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini, da farare, da masu tsayar da zubar jini. Kewaye da su kuma akwai ƙwayoyin da ke renonsu: suna riƙe su a mazauninsu, suna fitar da sinadaran da ke sa su hayayyafa, suna kuma lallashin garkuwar jiki. Kamar iri da ƙasar gona ke nan.

A wannan cuta, galibi garkuwar jikin mutum ce ke afka wa uwayen ƙwayoyin. Masu renon ma suna raunana, da yawansu su rikiɗe su zama kitse. Shi ya sa in aka ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugu aka duba, sai a tarar kitse ya cika wurin. Amma a ganina babbar matsalar tana ga irin, wato uwayen ƙwayoyin, tunda dashen ɓargo yana warkarwa alhali masu renon na majinyacin ne.

To maganin ƙarin jini ba shi da wanda zai ciyar, tunda uwayen ƙwayoyin sun ƙaranta. Abin da ake yi shi ne a ƙara masa jinin wani, da magungunan danne garkuwa irin su siklosporin, ko dashe. Ku nisanta shi da shaƙar fetur, kada kuma a sayo masa kloramfenikol wajen masu tallar magani. In zazzaɓi ya taso ko dasashi na jini, ku kai shi likita nan take.