Kafin ka ruga kasuwar Adum da kuɗinka: amsoshin tambayoyi kan sikirif ɗin harhaɗa manhaja

Saƙonnin wannan makon yawancinsu daga masu rubuta manhaja suka fito, kuma kukansu ɗaya ne: sikirif ɗin da ke harhaɗa kod ya gwada shi ya tsaya cak, kowa kuma yana tambayar me zai saya. Ga waɗanda ba sa cikin sana'ar, sikirif ɗin nan jerin umarni ne da ake rubutawa a fayil, a ce wa kwamfuta ta sauko da kaza, ta harhaɗa kaza, ta gwada kaza, in komai ya yi daidai ta fitar da manhajar.

Kawu, na rubuta Makefile, amma duk sanda na buga make sai ya ce "missing separator" ya tsaya. Abokaina a jami'ar Tek sun ce kwamfutata ce ta tsufa. Na tara sidi 5,000, wace zan saya? (Ɗalibi daga Asawase)

Babu wadda za ka saya. Mayar da kuɗinka MoMo ka zauna. A Makefile, wato fayil ɗin umarnin da manhajar make ke karantawa, layin umarni da tab yake farawa, kai kuma ka danna sarari sau huɗu, ko ka kwafo layin daga intanet tab ɗin ya rikiɗe a hanya. Tun 1976 da Stuart Feldman ya rubuta make a Bell Labs haka ɗabi'arsa take, kwamfutar da aka ciro daga kwali yau ma amsar da za ta ba ka ke nan. Saƙon kuskuren ya ma faɗa maka lambar layin, ba ka duba ba ne. Abokan naka kuwa, bincika ko cikinsu akwai mai kwamfutar sayarwa.

Kawu, ina bautar ƙasa a wani ƙaramin kamfani. A kwamfutata komai yana tafiya lafiya, amma da na tura kod GitHub sai gwajin ya faɗi, alamar ta koma ja. Kowa a ofis yana gani. Ba na iya barci, ina tsoron a ce ban iya komai ba. Akwai kwas ɗin da ake talla a WhatsApp, in biya? ('Yarka daga Aboabo)

'Yata, kwantar da hankalinki. Wanda bai taɓa mayar da alamar nan ja ba, to bai taɓa tura kod ba. Manyan ofis ɗin naku ma sun yi, ba za su faɗa miki ba ne kawai. Kada ki biya kuɗin kwas tukuna, alawus ɗin bautar ƙasa bai kai a yi wasa da shi ba.

Abin da ke faruwa shi ne kwamfutarki da wadda GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ke ara miki don gwaji ba iri ɗaya ba ne. Taki mai yiwuwa Windows ce, ta saba da ke, an girka mata abubuwa da yawa da har kin manta da su. Tasu galibi Linux ce, kuma sabuwa fil ake tayar da ita a kowane zagaye, ba ta san komai ba sai abin da sikirif ya gaya mata. Buɗe rahoton aikin, kada ki tsaya a layin ƙarshe, haura sama ki nemo kuskure na farko, don sauran duk 'ya'yansa ne.

Fara da sunan fayil. Windows ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, Header.js da header.js duk ɗaya ne a wurinta, Linux kuwa fayil biyu take gani. Sai lambar da aikin ya fita da ita: 127 na nufin ba a ga umarnin ba sam, 126 an gan shi amma ba shi da izinin aiki, abin da ke yawan samun fayil ɗin gradlew, mai tayar da Gradle da ke harhaɗa manhajar Android, idan daga Windows aka tura shi, 137 kuma an kashe aikin da ƙarfi, sau da yawa don RAM ya ƙare. In kika ga "bad interpreter" da alamar ^M, ƙarshen layuka ne irin na Windows, Linux ba ta gane shi. Sai siga: ki tabbatar Node ko Java ɗin da ke wurinki ita ce sikirif ya nema. Ƙarin Gradle na Android (Android Gradle Plugin) daga siga ta 8 yana buƙatar Java 17, kuma wannan kaɗai ya hana mutane da yawa barci. Idan aikin Node ne, tura package-lock.json, fayil ɗin da ke riƙe da sigar kowane ƙunshin kod da aikin ya dogara da shi, tare da kod, sikirif kuma ya yi amfani da npm ci, don a sauko da ainihin abin da kika gwada da shi.

Wani abu da mu 'yan Ghana ba mu cika lura da shi ba: agogonmu GMT ne, injinan GitHub ma a kan wannan lokacin suke, don haka gwajin da ya shafi kwanan wata yakan wuce a nan ya wuce a can, sai manhajar ta isa hannun mai amfani a Kano ko Yamai, inda suke gabanmu da awa ɗaya, sannan a ga ɓarna. Ki riƙe wannan, ranar da kika faɗe shi a ofis za su sake kallonki.

Malam, na sayi SSD mai terabait 2 da RAM a kan farashin da bai kai rabin na shago ba. Tun daga nan harhaɗawa take faɗuwa, yau a wannan fayil, gobe a wancan, wani lokaci kompaila ta ce "segmentation fault", wani lokaci Git ya ce fayil ya lalace. Android Studio ɗin ma a filash aka ba ni kyauta. Wane gyara zan yi wa sikirif? (Mai shagon buga takardu, Alabar)

Bar sikirif ɗin nan ya huta, ƙanena, ba shi da laifi. Kuskuren da ke cikin kod ko sikirif a wuri ɗaya yake tsayawa, ka maimaita sau goma ya ba ka amsa ɗaya. Wanda yake yawo daga fayil zuwa fayil ba tare da ka taɓa komai ba, ƙarfe, wato kayan cikin kwamfutar, za ka fara tuhuma. Kuma kai da bakinka ka faɗi inda cutar take.

Terabait 2 a ƙasa da rabin kuɗi! Kai da kake ciniki a Alabar, in aka kawo maka buhun shinkafa a rabin farashi, ba sai ka zura hannu har ƙasan buhun ba? Haka jabun SSD da filash suke. A ciki ɗan ƙaramin guntun ajiya ne, an sa shi ya yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa. Ranar farko komai lafiya, don abin da ka zuba bai kai bakin iyakarsa ta gaskiya ba. Da ka wuce iyakar sai ya dinga rubuta sabo a kan tsoho, ko ya zubar da shi, sunayen fayiloli na nan a folda amma cikinsu babu komai. Aikin harhaɗa manhaja kuwa dubban ƙananan fayiloli yake rubutawa yana karantawa, shi ya sa ya riga komai tona asirin. Gwajin ba ya cin ko pesewa: H2testw a Windows, ko F3 a Linux, za su cika shi dam sannan su karanto su ga nawa ya dawo daidai. RAM kuma ka sa MemTest86+ ya kwana yana aiki, layi ɗaya ja ya isa ka cire shi. Kafin duk wannan, kwashe aikinka ka tura GitHub ko wani wuri yau ɗin nan, in har akwai sauran abin kwashewa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ba rashin kuɗi ne ke jefa mutane cikin wannan ba. Mutum zai ƙi SSD na gaskiya mai gigabait 256, wanda ya ishe shi aikinsa, ya ɗauki na jabu don lambar da ke jikin kwalin ta fi girma. Ba ina cewa duk mai sayarwa a Adum ko Kejetia macuci ba ne, akwai masu amana da na sani shekara da shekaru, wasu ma su aka fara cuta daga inda suka saro. Amma mai amana ba ya jin haushi in ka ce za ka gwada, yana ba ka rasit, yana kuma da shagon da za ka same shi gobe. Wanda ya ce ku haɗu a bakin tasha ka tura MoMo tukuna, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Android Studio ɗin filash ɗin nan, manhajar da ake rubuta manhajojin Android da ita, ya fi tayar mini da hankali. Na san dalilin, fayil ɗin ya haura gigabait guda, data kuma tsada. Amma kayan da kake harhaɗa manhaja da su, duk abin da ke cikinsu yana iya shiga cikin manhajar da za ka ba mutane. A 2015 masu rubuta manhaja a ƙasar Sin sun ga sauko da Xcode, kayan harhaɗa manhajar iPhone, daga Apple yana musu nawa, sai suka koma ɗaukarsa daga wasu wuraren ajiya na cikin gida. Ashe an yi wa wancan kwafin cushe. Manhajojin da aka harhaɗa da shi suka fito da mugun kod a ciki, har suka shiga App Store, WeChat na cikinsu, aka sa wa abin suna XcodeGhost. Masu manhajojin ba su rubuta layi ɗaya na sharri ba, gajen haƙuri kawai suka yi. A 2017 kuma wani ya ɗora ƙunshi mai suna crossenv a npm, rumbun da masu Node ke ɗauko ƙunshin kod, yana kwaikwayon cross-env na gaskiya, bambancin ɗan karan tsakiya ne kawai, aikinsa kuma satar bayanan sirrin da ke cikin muhallin da aka girka shi. To ka yi tunanin manhajar da ke karɓar kuɗin mutane ta MoMo an harhaɗa ta da kayan da ba wanda ya san asalinsu.

Kuma don me? Android Studio kyauta ne. VS Code, Git, OpenJDK, duk kyauta ne daga masu su. In dole sai ka karɓa a filash, shafin Android Studio yana wallafa lambar SHA-256 ta kowane fayil; buga certutil -hashfile da sunan fayil ɗin da SHA256 a Windows, ka kwatanta lambobin, in harafi ɗaya ya saɓa ka goge shi. In ba haka ba ka sayi datar tsakar dare ka sauko da abinka. Manhajar da aka fasa makullinta kuwa, wadda ake ce maka ka kashe riga-kafin kwamfuta kafin ka girka, kada ta kwana a na'urar da kake ajiye makullin sa hannun manhajarka da kalmomin sirrin abokan cinikinka. Iyaye ma da ke saya wa yara kwamfuta, ku ji da kyau: "an cika maka ita da komai" ba kyauta ba ce, a goge ta a sake girkawa daga tushe.

Yara uku ke rubuta mini manhajar lissafin kaya. Sun ce in saya musu saba da za a ajiye a ofis ta dinga gwada kod. Ni ban san kan abin ba. (Wani Alhaji, Tafo Zango)

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma a dakata. Mutum uku ba sa buƙatar saba, wato kwamfutar da ake keɓewa ta dinga yi wa sauran aiki. GitHub yana ba da minti 2,000 kyauta a kowane wata ga ayyukan da ba a buɗe wa jama'a ba, su fara cinye wannan su nuna maka lissafi. In suka saita ma'ajiyar wucin gadi yadda ba sai an sake sauko da komai a kowane zagaye ba, mintocin za su yi musu auki. Saba a ofis tana son wuta dare da rana, tana son intanet da ba ya yankewa, tana son wanda zai kula da Jenkins, manhajar da ke tafiyar da gwajin, ko makamancinsa, kuma ka san yadda dumso yake idan ya tashi. Ɗaukewar wuta a tsakiyar saukowa takan bar fayil rabi a ma'ajiya, washegari a wuni ana neman kuskuren da babu shi a kod. In kana son kashe kuɗi inda zai yi amfani, saya musu UPS na kirki, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, don na'urar intanet, ka ƙara musu RAM ya kai gigabait 16 in kwamfutocin suna karɓa.

Kawu, kwamfuta ta hannu nake so don Android. Me zan duba? (Daga Sawaba)

RAM kafin komai, 8 a taƙaice, 16 in da hali, kuma ka tambaya ko ana iya ƙarawa, don wasu a manne yake da allon. Intel daga tsara ta 8 zuwa sama, saboda tallafin Windows 10 ya ƙare a watan Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da mafi yawan na ƙasa da tsara ta 8 ba. Buga powercfg /batteryreport a gaban mai shagon ka ga abin da ya rage wa batirin, CrystalDiskInfo kuma ya nuna maka awannin da SSD ɗin ya yi yana aiki. Shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirrin wani kamfani a kai. Kada fitilu masu launi a madannai su ruɗe ka.

An ce MacBook ba ya kawo kuskure. Gaskiya ne?

Wa ya ce? Yana kawowa, da tsada ma. In manhajar iPhone za ka yi, to dole Xcode, Xcode kuma sai macOS, ga dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara, alhali Google Play dala 25 ne sau ɗaya. Hayar injin macOS a GitHub ma kusan ninki goma ne na Linux. In abokan cinikinka Tecno da Infinix da Samsung ke hannunsu, ban ga me kake nema a can ba.

Gwaji biyu ne kawai ke faɗuwa, mai aikin kuma yana jira ranar Juma'a. In goge su?

A'a. Karanta abin da suke cewa. In kod ne ya lalace, gyara shi. In gwajin ne ya tsufa, gyara gwajin. In kuma lokaci ya ƙure, kira mai aikin tun yau Laraba ka ce masa sai Litinin.