Tambaya da Amsa: Ɗan Gidan Gonar Palmer a Nebraska

TAMBAYA: Malam, na ga hoton wani ɗan gidan gona na gungumen itace a Amurka, sunansa Palmer-Epard, an ce gwamnati ke kula da shi. Me ya sa ake ji da bukka irin wannan, kuma yaya aka gina ta? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, gidan nan yana kusa da garin Beatrice a jihar Nebraska, kuma ni kaina ina ji da shi, domin ƙanƙantarsa ita ce tarihinsa. George Palmer ne ya gina shi a 1867, shekara biyar bayan Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar rabon filaye ta 1862. Dokar ta ba duk mai shekara 21 ko mai iyali eka 160, ba ya biyan komai sai dala 18 na takardu. Sharaɗin shi ne ya gina gida, ya zauna, ya noma gonar shekara biyar, sannan maƙwabta biyu su shaide shi. Kin ga ke nan gidan hujja ne a gaban hukuma, shi ya sa kowa ya yi sauri ya kafa abin da ƙarfinsa ya kai.

Faɗinsa ƙafa 14, tsawonsa 16. A nan Palmer da matarsa da 'ya'yansu goma suka rayu, yara suna hawa ɗan benen da ke ƙarƙashin rufi su kwana. Sai daga baya aka jingina masa wani ƙaramin ɗaki a baya.

Dubi kusurwar bangon da kyau. An sassaƙe kowane gungume da gatari, aka yi masa gurbi a ƙarshe, ya hau kan ɗan'uwansa ya kama shi. Nauyin itacen ne ke riƙe ginin, ƙusa kuwa tana da tsada a lokacin. Tsakanin gungume da gungume sai a cusa guntayen itace a liƙe da laka don tare iskar hunturu. Wannan dabara mutanen Suwidin da Finlan ne suka kawo ta gabashin Amurka tun 1638.

Abin da mutane ba sa lura da shi: a Nebraska wannan gidan mai hali ne. Ƙasar ciyawa ce, bishiya sai a bakin kogi. Yawancin baƙi da garma suke yanko ƙasa mai saiwar ciyawa, su jera ta kamar tubali, bango ya kai ƙafa biyu kauri. Yana tare sanyi da zafi, amma da damina rufin na yoyo, ɓeraye da macizai na faɗowa daga sama.

Daga baya iyalin Epard suka sayi gidan, suka zauna kusan shekara 40. Bayansu ya zama rumbun hatsi, har aka ɗauko shi a 1950 aka kawo wurin tarihin da ke kan gonar Daniel Freeman, ɗaya daga cikin na farko da suka amfana da dokar, wanda ya nemi filinsa ranar 1 ga Janairu, 1863.

Amma in za ki rubuta wannan a makaranta, kada ki ce fili ne marar mai shi, abin nan yana ci mini rai. Ƙabilun Otoe-Missouria da Pawnee, 'yan asalin ƙasar, na zaune a yankin tun kafin zuwan garma. An matse Otoe a ɗan keɓaɓɓen wuri kudu da Beatrice, a 1881 kuma aka kwashe su zuwa inda ake kira Oklahoma a yau.