Tambaya da amsa: Zan iya haɗa ƙaramin jirgin ƙasa da yara za su hau a garkata da kuɗi kaɗan?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ina Damagaram, unguwar Garin Malam, ina da ƴar garka a hanyar Mirriya. Na ga bidiyo a waya wasu turawa sun shimfiɗa ƙaramin layin dogo a bayan gidansu har manya suna hawa, abin ya shiga raina, ina so in yi wa jikokina da yaran maƙwabta ko da na zagaye ɗaya ne. Abin da na ware jaka ɗari uku ne kacal na sefa. Dan Allah zai yiwu a nan? Kuma da me zan fara, injin zan fara nema ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Yaranmu na nan da yawansu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa da ido ba sai wanda ya je Kano, inda dogo ya iso tun 1911, layin Yamai zuwa Dosso da aka gama shimfiɗawa a 2016 bai yi jigila ba, na Kano zuwa Maraɗi kuma ana kan aiki, to ka ga abin da kake son yi ba ƙaramin farin ciki zai sa su ba. Zai yiwu sosai. Amma dan Allah ka cire maganar inji daga ranka tukuna, shi ne na ƙarshe. Gyaran ƙasa ne zai fara cin kuɗinka, sai dogo, sai ƙafafu, idan waɗannan ukun sun yi kyau ko da hannu yaro ya tura tarago zai tafi lafiya lau, idan kuma sun lalace ko injin miliyan ka ɗora kullum a cikin rairayi za ka riƙa tsinto shi.

Abu na farko da za ka tsayar shi ne faɗin dogon, wato tazarar da ke tsakanin ƙarfen dama da na hagu daga ciki. Masu wannan harka a Ingila suna da ma'auni sanannu, akwai inci 5 wato milimita 127, akwai inci 7 da kwata wato milimita 184, akwai inci 10 da kwata, har zuwa inci 15 wato milimita 381, wanda wani Bature Arthur Heywood ya fara gwadawa a gidansa a 1874, kuma har yau akwai layin Romney, Hythe da Dymchurch mai wannan faɗin da aka buɗe a 1927 yana ɗaukar fasinja sama da kilomita 20. Ni shawarata ka ɗauki 184. Na 127 ya fi arha amma siriri ne, yaro ɗaya ya leƙa gefe tarago ya kife, kuma mun san yaranmu ba zama za su yi shiru ba. Na 381 kuma zai cinye maka kuɗi da fili gaba ɗaya. Shi 184 ɗin ne Walt Disney ma ya shimfiɗa a bayan gidansa a Amurka a 1950, yana ɗaukar babba da yaro.

Sai fili. Jirgi ba ya shan kwana kamar kabu-kabu, yana son lanƙwasa mai faɗi. Ka kafa turke a tsakiya ka ɗaura igiya mai mita 6 ka zagaya da ita kana zana ƙasa, wannan shi ne mafi matsewar kwanar da zan yarda ka yi, in fili ya ba ka mita 8 ko 10 ya fi. Rabin da'ira biyu na mita 6 da miƙaƙƙen layi na mita 6 a kowane gefe zai ba ka dogo wajen mita 50, kuma yana son fili kamar mita 14 a faɗi da mita 20 a tsawo. Ka duba wurin da ya fi shafewa a garkar, ka kauce wa duwatsun nan namu na Damagaram da ke leƙowa daga ƙasa don fasa su kuɗi ne, ka kuma matsa daga gindin dogon yaro saboda saiwa tana ɗaga ƙasa. Hawa kada ya wuce santimita 1 a kowace mita, in ya matsa 2, kuma kar hawan ya faɗo a kan kwana. Ba sai ka ɗauko mai awo ba, tiyo fari mai ruwa a ciki irin na magina ya isa ya nuna maka inda ya yi tudu da inda ya yi kwari.

A nan ne nake so ka daɗe, don nan ne aikin yake. Ka kwashe rairayin sama faɗin santimita 60 har ka taɓa ƙasa mai ƙarfi, ka zuba jar ƙasa irin ta hanya, ka yayyafa ruwa ka daddaɓe, ka ƙara ka sake daddaɓewa, sannan tsakuwa ƙanana kaurin santimita 5 zuwa 8 a sama. Na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, shi ya sa in da hali ka yi daɓen a ƙarshen damina wajen Satumba ƙasa na da sauran laima, kuma damina ta riga ta nuna maka hanyar da ruwa ke bi a garkar. Duk inda ka ga ruwa ya ratsa ka binne bututu a ƙarƙashi kafin ka ɗaga ƙasa, ruwan Agusta na awa ɗaya yana iya kwashe aikin wata guda. Siminti ba dole ba ne, ni ban ma so ka zuba shi, tsakuwa ta fi domin in wuri ya zauna sai ka ɗaga dogon ka cusa tsakuwa shikenan ya daidaita.

Dogon kansa, turawa suna sayen na alminiyom da aka ƙera musamman, mu kawo shi nan ya fi ƙarfin aljihu. Abin da za ka saya ƙarfe ne shafaffe mai milimita 25 a 10, ko 30 a 10, ka tsayar da shi a kan gefensa siririn. Kar wani ya ce maka rodin gini zai yi, ba zai yi ba, zagayayye ne kuma da ƙurji a jikinsa, zai cinye ƙafa ya riƙa jefar da tarago. Lissafin kuwa ga shi: dogo mita 50 ƙarfe mita 100 kenan, sanda 17 in masu mita 6 ne, kuma mai 25 a 10 kowace mita tana da nauyin kusan kilo 2, to wajen kilo 200. Ƴan gicciyen da ke riƙe dogon kuma, a bidiyon da ka gani katako ne, a nan gara ba za ta bar maka shi ba. Ka yanka ƙarfe shafaffe mai 30 a 5 tsawon santimita 35, ka jera duk bayan santimita 25, guda 200 kenan, wajen kilo 80. Da wannan lissafin za ka shiga wajen masu ƙarfe ka tambayi kuɗin sanda ka ninka da kanka, kuma ka fara zagaya wajen masu tsofaffin ƙarafa, don gicciye ba ruwansa da sabo ko tsoho. In kuɗin ya nuna zai cinye fiye da rabin jaka ɗari ukun, kar ka rage kaurin ƙarfe, rage tsawo za ka yi, ka fara da mita 18 ko 24 miƙaƙƙe ana zuwa ana dawowa, baɗi ka ƙara kwana.

Mai waldar da za ka ɗauka ka zauna da shi ya fahimci abu ɗaya, wannan ba ƙofa ba ce ba taga ba, milimita 2 a nan magana ce. Ya fara yanka ma'auni guda biyu na ƙarfe masu tsagi daidai 184, duk gicciyen da zai liƙa sai ma'aunin na zaune a kai. A kwana ya buɗe zuwa 186. Walda ta fi yawa ta waje, ta ciki ta zama ƙasa-ƙasa don kada leɓen ƙafar tarago, wato bakinta da ke saukowa ta cikin dogo, ya buge ta, kuma ya bi bakin ƙarfen na sama ta ciki da injin gurza ya kashe kaifin. Wajen lanƙwasa ga dabara mai sauƙi, ka miƙa zare mai mita 2 daga wani wuri zuwa wani a jikin ƙarfen da aka lanƙwasa, in kwanar ta mita 6 ce tsakiyar zaren zai yi nesa da ƙarfen da santimita 8 da ɗan ɗori. A yi dogon gunduwa-gunduwa na mita 3 ko 6 ana haɗawa da ƴar faranti da noti, kada a liƙe shi duka. Dalili biyu ne. Na ɗaya zafi, sandar mita 6 tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar Afrilu tana ƙara tsawo milimita 3 zuwa 4, in ba ka bar mata wannan ƴar kafa a mahaɗa ba da ramin noti mai ɗan tsawo, za ta karkace da kanta. Na biyu kuma garka ba gida ba ce, ƙarfe kilo 280 a fili babu mai gadi ka san akwai masu ido a kai, in gunduwa ne sai ka kwance ka adana lokacin da ba a amfani da shi.

Ƙafafu kuma su ne wurin da ban yarda a yi rowa ba. Ka je wajen mai injin fere ƙarfe ya fere maka daga dunƙulen ƙarfe, faɗin milimita 150, da leɓe ta ciki mai zurfin milimita 5 zuwa 6, fuskar da ke taka dogo kuma ta ɗan zube zuwa waje kamar digiri 2 ko 3. Wannan ƴar zubewar ita ce sirrin jirgi duka, ƙafa biyu a liƙe suke a sanda ɗaya, a kwana ta waje tana da tafiya mai tsawo fiye da ta ciki, to zubewar ce ke sa ta waje ta hau wurin da ya fi kauri ta ciki ta sauka wurin siriri, sai gurzawa ta ragu. A bar wasa kamar milimita 3 tsakanin leɓe da dogo. Sanda mai milimita 20, boris mai gida lamba 204, kuma ka nemi rufaffe mai roba gefe biyu saboda ƙurar hunturu. Tsakanin sandar gaba da ta baya kar ya wuce santimita 50. Tarago ɗaya ka fara yi, dogon benci da ake zama a kai kamar kan moto ƙafa ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsa daga dogo kar ya wuce santimita 30, da wurin aza ƙafa mai katanga. In benci ya kai mita ɗaya da rabi sai a yi masa ƴan kekuna biyu masu juyawa a ƙarƙashi, kowanne ƙafa huɗu.

Ka bar yara su yi ta tura wannan taragon da hannu na ɗan lokaci, su ne za su gano maka duk inda dogo ya zauna ko ya matse.

Yanzu inji. Na tururi ka manta da shi, tukunyar da ke riƙe tururi mai matsi ba abin da za a haɗa a bakin titi ba ne, in ta fashe rai ake magana. Na fetur yana yi amma ga ƙara ga hayaƙi ga salansa mai zafi kusa da ƙafar yara. Na batir ya fi maka. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cin ƙarfi, a ce jirgi da mutane duka kilo 400, a shafaffen wuri jan kilo 4 zuwa 5 ya isa ya tafiyar da shi, a hawan santimita 2 cikin mita ka ƙara kilo 8, to a gudun kilomita 7 a awa abin bai wuce wat 250 ba. Motar lantarki, wato ɗan injin da zai juya ƙafafun, mai bolt 24 wat 350 zuwa 500 irin ta keken lantarki ko keken guragu ta wadatar, da batir biyu na bolt 12 irin na sola, ba na motar hawa ba don shi ba ya jure a zuƙe shi a cika kullum. Ƙafa mai milimita 150 tana son juyi wajen 250 a minti, motar kuma in ba mai giya ba ce tana yin kusan 3000, sai a rage da sarƙar moto hawa biyu, in ka samu mai giya a jikinta hawa ɗaya ya isa. Sarƙa ta ja sanduna biyun duka, kuma kan jirgin ya yi nauyi, batir a ƙasa tsakanin ƙafafu, direba ma ya zauna a kai, in ba haka ba ƙafa za ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kwantirola mai rage gudu, fis kusa da batir, da makunni babba ja da kowa zai iya bugawa ya kashe. Batir a inuwa kullum, zafi ne ke kashe shi da wuri.

Sai abin da ya fi damuna, lafiyar yaran. Birki na hannu mai danna katako ko roba a kan ƙafa dole ne, a gwada shi da buhunan ƙasa a wurin da ya fi gangara kafin yaro ko ɗaya ya hau. Sarƙa da haƙoranta a rufe su ruf da kwano, ƴan matanmu da hijabi suke, samari da doguwar riga, ranar Sallah kuwa kowa da sabon ɗinki mai ja da ƙasa. Tsakanin kai da tarago a sa ƙusa mai makulli a ƙara da ƴar sarƙa ta biyu. Babba ne zai tuƙa, gudu kar ya wuce saurin tafiyar mutum mai hanzari, kuma da rana tsaka a bazara a hana hawa don ƙarfen yana ƙona tafin ƙafa. Kafin a fara kullum a bi layin da tsintsiya a share rairayi da tsakuwar da ta hau, a duba notocin mahaɗa. Kar a shafa wa dogo mai ko giris, rairayi zai manne ya zama abin gurza kuma birki ba zai kama ba.

In ka auna filin ka turo mini faɗi da tsawo da inda rijiya da itatuwa suke, da kuɗin sandar 25 a 10 da aka faɗa maka a kasuwa, sai in zana maka yadda layin zai bi da adadin gunduwar da za ka fara da su bana. Allah ya sa albarka, a gaida jikoki.