Kumburin ƙafa bayan sallama daga asibiti

Tambaya: Likita, an sallamo Babanmu bayan jinyar ciwon zuciya, amma ƙafafunsa ba su sace ba. Me za mu yi? Daga Agege, Legas.

Amsa: 'Yar'uwa, sauran ruwa ne a jiki. Kowace safiya, bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, a auna nauyinsa. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, ko numfashi ya gagara a kwance, ku koma asibiti ranar. Kumburin hanji kan hana ƙwayar furosemide, maganin fitar da ruwa ta fitsari, shiga jini, sai an koma allura. A rage gishiri da dunƙulen Maggi. Kunun kanwa kuwa, a bar shi. Maganin ciwon jiki diclofenac na riƙe ruwa, kada ya sha. Cikin mako 2 a gwada ƙodarsa da sinadarin potassium.