Idan Jirgi Mara Matuƙi Ya Zaɓi Wanda Zai Kashe, Wa Za a Tuhuma?

Tambaya: Malam, ana cewa yanzu akwai jirage marasa matuƙi masu zaɓen wanda za su harba da kansu. In irinsu ya kashe farar hula, alhakin yana wuyan wa?

Amsa: Ɗan'uwa, dokar yaƙi mutum take tuhuma. Yarjejeniyoyin Jeneba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977 sun wajabta wa mai kai hari ya bambance mayaƙi da farar hula, ya kuma auna kada ɓarnar ta zarce amfanin harin. Sashe na 36 na wannan ƙari ya ce sai ƙasa ta tantance sabon makami kafin ta saka shi a yaƙi. Don haka alhaki yana kan kwamandan da ya saki jirgin, da ƙasarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne gaban kotu. Galibi ba a kama mutum da laifin yaƙi sai an tabbatar da niyya ko sani. Kwamanda zai ce bai san abin da manhajar da ke sarrafa jirgin za ta yi ba, wanda ya rubuta ta ya ce shi bai taɓa taka fagen daga ba. Sai jini ya zuba a rasa mai amsawa.

Ka dubi harin da Amurka ta kai da jirgi mara matuƙi a Kabul, 29 ga Agusta 2021. Mutane ne zaune gaban allo, sun yi sa'o'i suna bin wata farar mota, suka ɗauki jarkokin ruwa a matsayin bama-bamai. Mutum 10 suka mutu, 7 yara ne. Daga baya Amurka ta amsa cewa kuskure ne, domin akwai waɗanda za a titsiye da tambaya. To ina ga ƙirƙirarriyar basira, wadda siffa da motsi kawai take karantawa? Sojan da ya yar da bindiga ya ɗaga hannu, ko ya kwanta cikin rauni, doka ta haramta taɓa shi. Wannan hukunci, a ganina, bai kamata ya bar hannun ɗan Adam ba.

Tun 2021 ƙungiyar Red Cross ta duniya ke neman a haramta makaman da ke farautar mutane da kansu. A Disambar 2023 ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Majalisar Ɗinkin Duniya kan batun. An taɓa yin rigakafi irin wannan: a 1995 aka haramta makaman leza masu makantarwa tun kafin su bazu a fagen fama.